Tambayi Injiniya: Tsohon Quadro mai giga 8 ko sabon kati mai giga 4?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da shagon wasan kwamfuta a Jega. Kwamfutoci huɗu gare ni, duka Dell OptiPlex 7040 siraran nan, 'yan Baljiyam, i5 ne da ram giga 8, kowace na haɗe da talabijin inci 32. Da PES 2017 muke ta lallaɓawa, to yanzu yara sun fara guduna, wai su FIFA 23 da GTA V suke so. Wanda ke kawo mani kaya daga Legas ya ce yana da katin girafik iri biyu kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba: Quadro M4000 mai giga 8, da NVIDIA T600 mai giga 4. Shi ya ce in ɗauki M4000 don ya fi giga. Wani abokina kuma ya ce T600 don shi ne sabo. Mi za ni yi da wanga lamari? Da sola muke aiki da rana, da dare batir, in ya gaza mu ta da inji.

Mai shagon wasa, Jega

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ɗan'uwa.

T600 za ka ɗauka. Abokinka ya dace da amsa, amma dalilinsa na "shi ne sabo" kada ka riƙe shi, don da irin wannan maganar aka so a sayar wa mai tambaya ta biyu a shafin nan kati marar ƙarfi. Naka dalilan suna cikin wasiƙarka: siririyar kwamfuta, da sola, da batir.

Duka katunan biyu ba don wasa aka ƙera su ba. Kamfanin Nvidia layi biyu gare shi: GeForce na masu wasa, Quadro kuma na ma'aikata, wato injiniyoyi da masu zanen gini da ke aiki da AutoCAD da Revit da SolidWorks. Daga 2020 kamfanin ya fara ajiye sunan Quadro, shi ya sa T600 da ya fito a 2021 ba ka ga sunan a jikinsa ba, amma ɗan gidan ne. Abin da ya sa suka cika kasuwarmu kuwa, ofisoshin Turai da Amurka kan canza kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, a kwaso tsofaffin zuwa Legas, a farke su a Computer Village da ke Ikeja, katin ya bi motar Arewa shi kaɗai.

Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu dai ta katunan wasa ce, an ɗan daure ta ne don ta yi aiki dare da rana ba gardama. M4000 na 2015 ne, ƙwayoyin aikinsa, wato ƙananan sassan da ke lissafin hoto a cikin ƙwaƙwalwar, 1664 ne, daidai da na GTX 970 da masu wasa suka yi yayi a 2014. Sai dai shi GTX 970 yana gudu sama da megahaz 1000, shi kuwa M4000 an tsayar da shi wajen 770. T600 kuma ƙwaƙwalwar GTX 1650 na 2019 ce aka rage mata ƙwayoyi daga 896 zuwa 640.

A takarda, mai kawo maka kaya yana da abin nunawa. Ƙwaya 1664 a gaban 640, giga 8 a gaban 4, har saurin memorin ma M4000 ne gaba, giga 192 a daƙiƙa, T600 kuma 160. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai babu haɗi. To amma ƙwayar 2021 ba ƙwayar 2015 ba ce. Ta T600 tana gudu har wajen megahaz 1300, kuma tsarin da aka gina ta a kai, wanda ake kira Turing, ya fi tsohon tsarin Maxwell cin aiki a kowane bugu. In ka jera su a kan wasa, kusan kunnen doki suke yi. Wani tsohon wasan M4000 ya ɗan wuce, wani sabon T600 ya kamo shi, amma yaron da ke riƙe da fad ba zai iya gaya maka wanne ke cikin akwatin ba. Dukansu suna zagayen ƙarfin GTX 1050 Ti ne.

Wannan sunan na ƙarshe ka riƙe shi, domin GTX 1050 Ti shi ne mafi ƙarancin katin da kamfanin EA ya rubuta wa FIFA 23. Ma'ana ko wanne ka saya, a bakin ƙofa kake tsaye, ba ka shiga falo ba. Wasan zai tashi, zai bugu, amma sai ka sauke ingancin hoto zuwa ƙasa ko tsakiya. GTA V kuwa ba shi da matsala ko kaɗan, wasa ne da ya zo kwamfuta a 2015, katin da aka ba da shawara a kansa GTX 660 ne mai giga 2, kuma duka naka biyun sun wuce shi.

Yanzu batun giga, wanda da shi ake cin kasuwa a kan mutanenmu. Gigar kati wurin ajiya ce, ba ƙarfi ba ce. Mai injin casar shinkafa in ya ninka girman shagonsa, buhunan da zai tara a ciki ne suka ƙaru, buhun da injin ke casawa a awa yana nan yadda yake. Giga 8 tana amfani ne in hoton da ake ɗorawa ya fi ƙarfin giga 4, kamar babban zanen gini mai hawa-hawa ko wasa a allon 4K. Wasan da zai cika giga 8 kuwa, tun kafin ya cika ta ƙwaƙwalwar M4000 ta durƙusa. Sannan ka duba bayan talabijin ɗinka ko takardarsa. Da yawan masu inci 32 da ke kasuwa 1366 sau 768 ne ainihin allonsu, ko da suna karɓar hoton 1080. In naka haka suke, ka saita wasan a 720, ba abin da ido zai rasa, kati ya samu sauƙi, ƙwallo ta riƙa tafiya sumul. A wannan saitin giga 4 har ta yi saura.

Da a ce iyakar maganar ke nan, da na ce ka ɗauki wanda ya fi araha. Akwatinka ne ya raba gardamar.

M4000 dogo ne, inci 9 da rabi, kuma mai cikakken tsayi. A siririyar OptiPlex murfi ba zai rufu a kansa ba. Wannan ma ƙaramar matsala ce a kan ta wuta. Ramin da ake soka kati a jikin bod, wat 75 ne iyakar abin da yake iya bayarwa. M4000 yana neman wat 120, don haka sai an jawo masa ƙarin waya mai baki 6 daga fawa fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta. Fawa fak ɗin kwamfutarka ba shi da wannan wayar, kuma duka ƙarfinsa bai kai wat 250 ba, shi ne kuma ke ciyar da firosesa da komai. Za a ce maka akwai 'yar wayar da ake haɗawa daga bakin SATA ta koma baki 6. Akwai ta, ina da su a durowa, amma bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, in aka matsa masa narkewa yake yi. Na sha karɓar aikin da aka bar murfi a buɗe, aka ajiye wani fawa fak a kan tebur wayoyi na reto. A ɗakin mutum shi kaɗai ma ban so ba, balle shagon da yara ke tsalle in an zura ƙwallo.

T600 wat 40 yake ci, daga ramin kawai, ba ƙarin waya. Gajere ne, siriri, wuri ɗaya yake tarewa. Wannan sirantar tana da muhimmanci a irin kwamfutarka, don dogon ramin yana dab da fawa fak, kati mai kauri biyu ba ya samun wurin zama. Shi ya sa ban ce ka nemi gajeren GTX 1650 ba duk da ya fi T600 ƙarfi: yawancinsu masu kauri biyu ne.

Zo mu yi lissafin batir. Bambancin wat 120 da 40, wat 80 ne a kowace kwamfuta. Sau huɗu, 320. In shago ya yi awa 10 ana bugawa ba hutu, kilowat-awa 3.2 ke nan a rana, a kan kati kaɗai. Batir mai 200Ah na bolt 12, abin da ke cikinsa gaba ɗaya 2.4 ne, kuma duk mai son batirinsa na ruwa ya daɗe ba ya shanye fiye da rabi. Ba kowane lokaci kati ke jan iyakar wutarsa ba, gaskiya ne, amma ko ka raba lissafin biyu za ka ga M4000 huɗu za su sa ka ta da inji tun sallar isha ba ta yi nisa ba. Kuɗin fetur ɗin da zai bi baya ba ya cikin farashin da aka gaya maka.

Kuma duk wat ɗin da kati ya ci, zafi yake komawa. Ka san yadda Jega take daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, shago rufin kwano, ga yara cike. Kati in ya wuce digiri 80 da wani abu da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai wasa ya fara tsinkewa, yara su ce kwamfutarka ta tsufa. M4000 fanka ɗaya gare shi a siririn jiki, ga shekara goma a kansa, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya daɗe da bushewa sai in wani ya canza. Shi ma T600 ba waliyyi ba ne, 'yar fankarsa ƙarama ce, ƙurar hunturu na toshe ta da wuri. Ka riƙa buɗewa kana hurewa da bulowa, ka danne fankar da yatsa lokacin hurawa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Saura direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin. A 2025 Nvidia ta sanar cewa jerin direba mai lamba 580 shi ne na ƙarshe ga katunan zamanin Maxwell da Pascal. M4000 na ciki. Ba mutuwa katin zai yi ba, abin da yake bugawa yau zai ci gaba da bugawa, amma wasan da zai fito nan gaba ba wanda zai gyara masa direba dominsa. T600 har yanzu ana yi masa. A nan ne kawai sabuntar da abokinka ya ambata ta yi aiki.

Kafin ka tura kuɗi, ka gaya wa mutumin abu biyu. Na farko, gajeren ƙarfen baya. T600 yana zuwa da dogo da gajere a kwalinsa, amma na hannu sau da yawa ɗaya ne a jiki, kuma in dogon ne ba zai ɗauru a akwatinka ba. Na biyu, adafta. Katin ba shi da bakin HDMI ko ɗaya, ƙananan bakunan Mini DisplayPort huɗu gare shi, talabijin kuwa HDMI yake so. Ka sa ya haɗo maka da adafta daga Mini DisplayPort zuwa HDMI, har da ɗaya ko biyu na ajiya, don a Birnin Kebbi ma sai an sha yawo kafin a same su. Sauti yana bi ta cikinta, ba ka bukatar wata waya.

Kada kuma ka sayi huɗu a tashi ɗaya. Sayi ɗaya, ka gwada a kwamfuta ɗaya, saboda akwai abin da kati ba zai gyara ba. EA ta rubuta i5-6600K a matsayin mafi ƙarancin firosesa ga FIFA 23, irin kwamfutarka kuwa yawanci i5-6500 ke ciki, wanda ke ƙasa da shi kaɗan. Ram giga 8 ma iyakar ƙasa ce. In ka iya, ka mai da ita 16, sanda biyu masu 8, ka kuma ɗora wasan a SSD, don wurin giga 100 yake nema. In ka ga ɗayar ta yi yadda yara ke so, sai ka kammala sauran. Direban kuma sau ɗaya za ka sauke daga shafin Nvidia, a sashen RTX da Quadro, ka zuba a filash ka zagaya da shi, kada data ta ƙare a banza.

Wanda ke da babban akwati irin HP Z440 ko Dell Precision T5810, fawa fak ɗinsa na da wayar nan mai baki 6, wuta kuma ba ta dame shi ba, in ya samu M4000 da rahusa sosai ban hana shi ba. Kai dai ba kai ne shi ba.

TAMBAYA

Salam, Malam. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Ina da babbar HP da nake zane da AutoCAD, in na gaji in buga GTA V, kuma ina sha'awar FC 24. Na ishe Quadro K2200 da Quadro P400 a wani shago. Mai shagon ya ce P400 ya fi don na 2017 ne, K2200 kuwa tsohon yayi ne. Haka ne?

Ɗalibi, Birnin Kebbi

AMSA

Ƙanena, ba haka ba ne. Shekarar da ya faɗa daidai ce, K2200 na 2014 ne, amma ya fi P400 ƙarfi nesa ba kusa ba. K2200 ƙwaya 640 gare shi da giga 4, memorinsa na gudun giga 80 a daƙiƙa. P400 ƙwaya 256, giga 2, gudun memori 32. An yi P400 ne don ma'aikacin da ke son haɗa allo uku ya duba takardu, wat 30 kacal yake ci. K2200 kuwa tagwayen GTX 750 Ti ne, kuma duk wanda ya yi wasa a shekarun nan ya san GTA V na tafiya lafiya a kansa.

Ga yadda ake karanta sunayen nan. Harafin farko zamani yake nunawa: K na Kepler, M na Maxwell, P na Pascal, T na Turing, A na Ampere, a jere daga tsoho zuwa sabo. Lambar kuma matsayi ce a cikin zamanin: 400 da 600 su ne ƙanana, 1000 da 2000 matsakaita, 4000 zuwa sama manya. Mai sayarwa zai nuna maka harafi in harafin ne ke taimakonsa, ya nuna maka giga in gigar ce. Kai ka duba duka biyun. Ƙaramin sabon zamani ba ya kayar da matsakaicin zamanin da ya gabata don kawai ya zo daga baya.

K2200 ma yana da wani abin mamaki: K ke jikinsa amma ƙwaƙwalwarsa ta Maxwell ce. Haka K620. Wannan ya yi masa rana, don ainihin 'yan Kepler irin K2000 da K4000 da K4200 direbansu ya tsaya tun a jerin 470, shi kuwa ya kai har 580. In aka miƙo maka K4200 aka ce ai lambarsa ta fi, ka tuna da wannan, ga shi kuma yana neman ƙarin waya.

Sai dai FC 24 ba zai yi a ko ɗayansu ba, kowanne da dalilinsa. Wasan yana neman katin da ya kai matakin 12_0 na DirectX 12, wato manhajar Windows da wasanni ke bi su yi aiki da kati. K2200 a 11_0 ya tsaya, saboda haka saƙon kuskure za ka gani maimakon fili. Wannan a ƙirar ƙwaƙwalwar yake, ba direban da zai ƙara masa. P400 ya cika wannan sharaɗin, amma ƙarfinsa bai kai rabin na GTX 1050 Ti da wasan ke nema ba. Za ka samu bidiyoyi a intanet na masu dabarar tilasta wasan ya buɗe a tsofaffin katuna. Buɗewa daban, bugawa daban.

To in kuɗin hannunka na ɗayan biyun nan ne, ɗauki K2200, ka yi zanenka, ka buga GTA V da PES 2021, ka haƙura da FC 24. In za ka iya jira ka ƙara tari, nemi Quadro P2000: shi ma na 2017 ne kamar P400, amma ƙwaya 1024 da giga 5, wat 75 ba ƙarin waya, kuma ya ɗan ɗara GTX 1050 Ti. Tunda akwatinka babba ne, GTX 1650 ma zai shiga, kuma zanen AutoCAD na makaranta ba ya bukatar sai Quadro. Da ni ne, wanda na samu da sauƙi cikin biyun nan zan ɗauka.

TAMBAYA

Injiniya, na sayi GTX 1050 Ti mai giga 4 sabo a kwali ta intanet, da araha ƙwarai. Yana nuna hoto, amma da wasa ya yi nisa sai ya fita ko allo ya cika da zane-zane. Na haɗa shi da monita ta bakin VGA mai shuɗi da ke jikinsa.

Mai karatu, Yauri

AMSA

Bakin nan mai shuɗi ya gama ba da labari, ɗan'uwa. GTX 1050 Ti na gaskiya ba ya fitar da hoton VGA. Abin da ke hannunka kusan tabbas tsohon kati ne irin GTS 450 na 2010, aka sauya masa suna a cikin ƙwaƙwalwa aka sa masa sabuwar riga. Yana gaya wa wasa cewa giga 4 gare shi alhali yawanci 1 ce, da wasan ya nemi zuba abin da ya wuce ta sai komai ya rushe.

Sauke 'yar manhajar GPU-Z, kyauta ce. Na gaskiya zai nuna ƙwaƙwalwa GP107 da ƙwaya 768. Jabun yakan nuna 192, kuma manhajar kan rubuta FAKE a gaban sunan. Ɗauki hoton allon da wayarka ka tura wa wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka, ka kuma kai ƙara ta hanyar da dandalin da ka saya ya tanada tun wa'adin mayarwa bai wuce ba. Masu tambaya biyu na sama su ma su sa wannan manhajar a filash, su gwada duk katin da za su saya a gaban mai shi kafin su biya.